Yadda kwamfuta ke sanin inda tubalin wasa zai kama ɗan'uwansa

Tubalan roba na Lego, waɗanda kamfanin ƙasar Denmak ya yi wa rajista a 1958, suna riƙe juna ba tare da gam ba: maɓallan saman wannan su shige ramukan ƙasan wancan. Yaro da yatsunsa yake jin sun kama. Ita kuwa kwamfuta sai an rubuta mata.

A 1995 James Jessiman, ɗan ƙasar Ostireliya, ya fitar da LDraw, tsarin da ke adana siffar kowane tubali a fayil na rubutu. A ma'auninsa, tsakanin maɓalli da maɓalli awo 20 ne, wato milimita 8. Sai dai siffa kawai fayil ɗin ya ƙunsa, don haka mai zane na iya cusa tubali cikin tubali, ko ya bar shi yana lilo a iska.

Maganin shi ne a adana bayanan mahaɗa: wurin da kowace take, inda ta fuskanta, faɗinta, da ko maɓalli ce ko rami. Aikin ba ƙarami ba ne, domin tubala shida masu maɓalli takwas-takwas suna haɗuwa ta hanyoyi fiye da miliyan 915.

To a ina za a ajiye su? Sanya su cikin fayilolin asali na nufin taɓa dubban fayiloli. Roland Melkert, mai manhajar LDCad, ya ware musu rumbu daban da ya kira inuwa, inda kowane fayil ke ɗauke da sunan na asali. Da yake zanen maɓalli ɗaya ne tubala ke arowa, idan an bayyana shi sau ɗaya duk sun gada. Manhajar Studio ta BrickLink kuwa nata salon ajiya daban ne, shi ya sa wahalar da aka sha a nan ba ta amfanar can.

Batun ya wuce wasan yara. Taswirar noman rani ta Bakolori tana iya nuna magudanan da suka ratsa Talata Mafara, Bakura da Maradun, amma mai raba ruwa yana buƙatar rajistar ƙofar da ke shayar da kowace magudana, a salon da kowane ofishi zai iya karantawa. Ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara na iya koyon wannan dabara da LDraw, domin kyauta ake samunsa a intanet.