Wi-Fi A Gida: Rediyo Ce, Kuma Da Dabarun Rediyo Ake Gyara Ta

Watanni 18 cur mazauna Aberhosan, wani ɗan ƙauye da ke yankin Wales a ƙasar Birtaniya, suka shafe suna fama da wata matsala mai ɗaure kai. Kullum da ƙarfe 7 na safe sai hanyar sadarwarsu ta intanet ta ɗauke ko kuma ta yi sanyi a ƙauyen baki ɗaya. Injiniyoyi sun yi ta kai da kawowa, har sai da aka sauya wayoyi masu ɗimbin yawa, amma hakan bai tsinana kome ba. Daga bisani ne, a cikin shekarar 2020, suka yi sammako da wata na'ura mai auna igiyoyin lantarki, suka bi sawun katsalandan ɗin har ƙofar wani gida, inda suka tarar da wani tsohon akwatin talabijin da mai gidan ke kunnawa da ƙarfe 7 daidai. Da aka daina kunna shi, sai matsalar ta kau.

Ko da yake intanet ɗin da ke biyo waya ne lamarin ya shafa a wancan ƙauye, darasin da ke ciki ya fi dacewa da hanyar sadarwa marar waya, wato Wi-Fi, wadda a yanzu gidaje da yawa suka dogara a kanta. Sau da dama akan ɗora wa kwamfuta laifi, ko a yi ta zargin kamfanin da ake biya kuɗin wata, alhali kuwa tushen matsalar na nan a cikin ɗaki. Ga mazauna London, Jidda, New York ko Kumasi, waɗanda ta wannan hanya ce suke ganawa da iyaye a gida, su aika musu da kuɗi, su sabunta takardun zama, yara kuma su yi aikin makaranta, katsewar sadarwar ba ƙaramin cikas ba ne, kuma kiran mai gyara a kan abin da bai taka kara ya karya ba asarar kuɗi ce da ta lokaci.

Asalin lamarin

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne cewar Wi-Fi rediyo ce. A shekarar 1985 ne hukumar kula da harkokin sadarwa ta Amurka ta ba da damar amfani da wasu zangunan rediyo ba tare da neman lasisi ba, ciki har da zangon gigahas 2.4. A kan wannan dama aka gina ƙa'idar farko ta sadarwar, mai lamba 802.11, wadda aka amince da ita a 1997, kuma saurinta a lokacin bai wuce megabit 2 a daƙiƙa guda ba. A 1999 saurin ya kai megabit 11, aka kuma laƙaba mata sunan Wi-Fi. A watan Yulin wannan shekara ce shugaban kamfanin Apple, Steve Jobs, ya zura wata kwamfutar hannu ta cikin wani babban zobe a gaban jama'a a birnin New York, domin ya tabbatar musu cewar babu wata waya da ke haɗe da ita.

Saboda haka akwatin nan mai ƙyafta fitilu da ke rarraba intanet a gida, wanda masu sana'ar ke kira rauta, ƙaramar tashar rediyo ce da ke watsawa tana kuma karɓa. Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyonsa yana neman wata tasha a gajeren zango, ya matsa kusa da taga, ya juya eriya, ko ya ji tashoshi biyu sun hau kan juna, ya riga ya san rabin cututtukan Wi-Fi da ma maganinsu.

Inda za a ajiye ta

Babban kuskuren da aka fi yi shi ne na wurin ajiya. Akan tura rauta bayan talabijin, ko cikin kabad, ko a ƙasa a can kusurwar falo inda waya ta shigo gidan. Igiyoyin rediyo kuwa ƙarfinsu raguwa yake yi da nisa, kuma kowane bango da suka ratsa sai ya ci rabonsa. Bangon katako ko na allo ba ya tare su sosai, amma kankare mai rodi a ciki, ƙofar ƙarfe, babban madubi da tankin ruwa duk suna raunana su ainun. Abin da ya fi dacewa shi ne a ɗora ta a wuri mai ɗan tudu, a sarari, a tsakiyar gida gwargwadon hali. Idan gidan bene ne ko mai sassa da yawa, to rauta ɗaya ba lalle ta wadatar ba, sai an ƙara wata na'urar da za ta miƙa saƙon gaba, kuma ya fi inganci a haɗa su biyun da waya in da hali.

Daura da haka akwai batun zango. Akasarin rautocin zamani na watsawa a zango biyu, na gigahas 2.4 da na gigahas 5. Na farkon ya fi cin nisa da ratsa bango, to amma cunkoso ya yi masa yawa, domin kuwa a nan ne na'urorin Bluetooth ke aiki, haka ma na'urar ɗumama abinci, wadda igiyoyinta ke kan gigahas 2.45. Wannan shi ya sa a wasu gidajen hoto kan tsaya cik a daidai lokacin da ake ɗumama tuwo a kicin. Zango na biyu ya fi sauri da sarari, sai dai ba ya jure bango. Wanda ke zaune kusa da rauta, zangon 5 ya fi masa. Wanda ke can ƙuryar ɗaki kuwa ya koma na 2.4.

An kuma raba zangon 2.4 zuwa layuka, 11 a Amurka, 13 a ƙasashen Turai, amma da yake suna shiga cikin juna, guda uku ne kawai, wato na 1 da na 6 da na 11, za su iya aiki kafaɗa da kafaɗa ba tare da sun dami juna ba. A dogayen gine-gine, inda gidaje da yawa ke maƙwabtaka, sauya layi kaɗai kan iya kawo sauƙi. Matafiya kuma su lura: kwamfutar da aka sayo daga Amurka kan iya kasa ganin rautar da ke kan layi na 12 ko na 13, ba don ta lalace ba, sai don an ƙera ta ne bisa dokar ƙasar da ta fito.

Bin sawu daki-daki

Idan sadarwa ta katse, gaggawa ba ta da amfani. Mahaɗa uku ce ke tsakanin mai kwamfuta da duniya: daga kamfani zuwa rauta, daga rauta zuwa kwamfuta ta cikin iska, sai kuma cikin kwamfutar ita kanta. Aikin mai bincike shi ne ya gano wacce ce ta tsinke kafin ya taɓa kome.

Tambayar farko mai sauƙi ce: shin sauran na'urorin gidan na aiki? Idan wayar salula na buɗe shafuka ta Wi-Fi ɗin, alhali kwamfuta ta ƙi, to laifin na kwamfutar ne. Idan kuwa duka sun ƙi, sai a duba fitilun rauta. Fitilar intanet da ta mutu ko ta koma ja na nuni ne da cewar saƙo ba ya isowa daga waje, kuma a rautocin da ke aiki da layin salula, kamar yadda aka saba a ƙasashen Afirka ta Yamma, sau da yawa dalilin bai wuce ƙarewar data ba. Daga nan sai a zare rautar daga wuta, a jira kamar rabin minti, a mayar, a ba ta 'yan mintoci ta kammala tashi. Wannan dabara da wasu ke rainawa tana warware matsaloli masu yawa, domin ita ma rauta 'yar ƙaramar kwamfuta ce da kan rikice.

Idan har yanzu da saura, to da tsohuwar zuma ake magani: a haɗa kwamfutar da rauta ta hanyar waya. In intanet ya dawo, an tabbatar ke nan matsalar a iska take, sai a koma ga batun wuri, zango da layi.

A ɓangaren kwamfuta kuwa, akan fara ne da tabbatar da cewar ba a kashe Wi-Fi bisa kuskure ba, ko ta wani maɓalli, ko ta sanya ta a yanayin jirgin sama. Sannan a umarce ta ta manta da sunan hanyar, a sake shigar da kalmar sirri a tsanake, ana bambanta manyan baƙaƙe da ƙanana. A nan akwai wani tarko da ke kama mazauna ƙasashen da ke amfani da Faransanci, irin su Nijar, Chadi da Kamaru: a allon rubutu na Faransa harafin A da Q sun yi musayar gurbi, haka ma Z da W, kuma lambobi ba sa fitowa sai an danne maɓallin ɗagawa. Idan tsarin da ke cikin kwamfutar ya saɓa da abin da ke rubuce a kan maɓallan, mutum zai yi ta buga kalmar da ya haƙiƙance daidai ce ana mayar masa da ita. Haka lamarin yake ga mazauna Saudiyya da Sudan da suka manta allon yana kan Larabci.

Wani lokaci kuma kwamfuta kan nuna ta haɗu, amma shafi ya ƙi buɗewa. Kowace na'ura da ta shiga hanyar gida, rauta ce ke ba ta lambar adireshi, wadda galibi ke farawa da 192.168. Mai amfani da Windows zai iya ganin tasa ta hanyar rubuta umarnin ipconfig. Idan ya ga lambar ta fara da 169.254, to alama ce cewar kwamfutar ta nemi adireshi ba ta samu ba, ta ƙirƙiro wa kanta wanda ba zai kai ta ko'ina ba, kuma maganin shi ne sake tayar da na'urorin biyu. Yana da kyau a dubi agogon kwamfutar ma, domin tsohuwar kwamfutar da ɗan batirin cikinta ya mutu kan koma wata shekara da ta wuce, shafukan banki da na saƙonni kuma su ƙi amincewa da ita. Amma ɗan maɓallin nan da ke ɓoye a bayan rauta, wanda ake dannawa da tsinke, shi ne mataki na ƙarshe, saboda yana share duk wani tsari da aka yi mata tun daga ranar da aka saye ta.

Kulle ƙofa

Da yake igiyar rediyo ba ta tsayawa a bakin zaure, duk wanda ke kusa da gida yana iya kama ta, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Makullin farko da aka yi wa Wi-Fi, mai suna WEP, a shekarar 2001 wasu masana uku, Scott Fluhrer da Itsik Mantin da Adi Shamir, suka bayyana rauninsa. Duk da haka wasu sun ci gaba da amfani da shi, har a 2007 kamfanin kantuna na TJX a Amurka ya sanar da cewar an sace bayanan katunan kuɗi fiye da miliyan 45, bayan da ɓarayi suka kutsa ta hanyar sadarwa marar waya ta wasu kantunansa. An maye gurbin wancan makulli da WPA2 a 2004, sannan WPA3 ya biyo baya a 2018. Rautar da WEP kaɗai ta sani, lokacin ritayarta ya yi.

Kalmomin sirri biyu ne a jikin kowace rauta, kuma mutane da dama ɗaya kawai suka sani. Ta farko ita ce ta shiga Wi-Fi, wadda ba ta gaza baƙaƙe 8 ba, kuma gwargwadon tsawonta gwargwadon ƙarfinta. Ta biyu ita ce ta shafin sarrafa rautar, wanda ake shiga ta hanyar rubuta adireshi irin su 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, kamar yadda aka rubuta a takardar da ke manne a jikinta. Barin wannan kalma yadda ta fito daga masana'anta tamkar barin mabuɗi ne a jikin ƙofa. A watan Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai, wadda ta mamaye dubban kyamarori da rautoci ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomi na masana'anta, ta kai ga toshe manyan shafuka kamar Twitter da Netflix na tsawon sa'o'i. Tun daga ranar 29 ga watan Afrilun 2024 kuwa doka a Birtaniya ta haramta sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai sauƙin cinka.

Ga gidan da baƙi ba sa yankewa, inda hana baƙo ko maƙwabci kalmar sirri zai zama abin kunya, yawancin rautoci na da hanya ta musamman domin baƙi, wadda ke ba su intanet ba tare da sun kai ga kwamfutocin masu gida ba. Minti kaɗan ake bukata a buɗe ta, kuma ana iya sauya kalmarta a duk lokacin da aka ga dama. Ta haka an fita haƙƙin baƙo, an kuma tsare sirrin gida.