Rikicin Banɗaki a Birtaniya da Amurka: Wace Ƙofa Masu Sauya Jinsi Za Su Shiga?

Ranar 16 ga Afrilu, 2025, alƙalai biyar na Kotun Ƙolin Birtaniya suka yanke hukunci da murya ɗaya cewa duk inda Dokar Daidaito ta 2010 ta ambaci mace, tana nufin wadda aka haifa mace. Abin mamaki, ba a kan banɗaki aka shigar da ƙarar ba. Wata ƙungiyar mata mai suna For Women Scotland ce ta kai gwamnatin Sikotland ƙara kan dokar 2018 da ta nemi a bai wa mata rabin kujerun hukumomin gwamnati, saboda gwamnatin ta ce za a lissafa har da waɗanda aka haifa maza amma suka karɓi takardar sauya jinsi. Mai shari'a Lord Hodge, wanda ya karanta hukuncin, ya ja kunne kada a ɗauke shi a matsayin nasarar wani ɓangare a kan wani, ya kuma ce har yanzu doka ta hana a nuna wa masu sauya jinsi wariya. Duk da haka, kafin gari ya waye, tambayar da ke bakin masu kantuna, shugabannin makarantu da na asibitoci ita ce: to yanzu wane banɗaki za su shiga?

Su wa ake magana a kansu? Mutane ne da aka haifa da halittar maza, amma suke jin cewa su mata ne, suka canza suna da sutura suna rayuwa a haka. Wasu suna shan magungunan da ke sauya siffar jiki, wasu an yi musu tiyata, wasu kuma ba su yi ko ɗaya ba. Ba su ne mata-maza ba, waɗanda ake haifa da halitta mai rikitarwa, kuma malaman fiƙihu suka daɗe da tsara hukuncinsu. A Birtaniya, tun dokar 2004 mutum na iya neman takardar da ke sauya jinsinsa a idon hukuma. Abin da kotu ta ce shi ne wannan takarda ba ta mayar da shi mace ba a sha'anin Dokar Daidaito.

Amurka ta riga Birtaniya shiga wannan rigima. A farkon 2016 birnin Charlotte da ke jihar Karolina ta Arewa ya kafa ƙa'idar da ta bar kowa ya shiga banɗakin jinsin da yake rayuwa a kai. Majalisar jihar ta kira zaman gaggawa, a yini ɗaya, 23 ga Maris, ta zartar da dokar da aka fi sani da HB2, wadda ta tilasta wa kowa bin jinsin da ke rubuce a takardar haihuwarsa a gine-ginen gwamnati. Jihar ta ɗanɗana kuɗarta. Kamfanin PayPal ya fasa buɗe ofishin da zai ɗauki ma'aikata 400, hukumar ƙwallon kwando ta NBA ta kwashe babban wasanta na 2017 zuwa New Orleans, kamfanin dillancin labarai na AP kuma ya ƙiyasta asarar da ta haura dala biliyan 3.7 cikin shekara 12. Gwamna Pat McCrory ya faɗi zaɓe a ƙarshen shekarar, aka soke sashen banɗakin a Maris 2017. Amma iska ta juya daga baya. Jihohi da dama sun kafa irin wannan doka ba tare da an ƙaurace musu ba, har Florida ta mayar da shi laifi a 2023 idan aka ce mutum ya fita daga banɗakin ginin gwamnati ya ƙi.

Masu goyon bayan waɗannan dokoki sukan fara da maganar tsaro: idan aka buɗe ƙofa, miyagun maza za su fake da sunan sauya jinsi su shiga su cutar da mata da yara. Tsoron ba daga sama ya faɗo ba. A Sikotland, kotu ta taɓa samun wata mai sauya jinsi da laifin cin zarafin yarinya 'yar shekara 10 a banɗakin mata na wani babban kanti. Ga uwar wannan yarinya, babu lissafin da zai sanyaya mata rai. Sai dai idan ana neman kafa doka ga miliyoyin mutane, dole a duba yawan faruwar abin. Masu bincike na Cibiyar Williams da ke Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles sun bi bayanan 'yan sanda a jihar Massachusetts, suka kwatanta garuruwan da suka buɗe ƙofa da waɗanda ba su buɗe ba. Sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna laifuka a banɗaki ba su da yawa tun asali, kuma ba su ƙaru ba bayan sauya ƙa'ida. Wanda ya yi niyyar fyaɗe, allon da ke kan ƙofa bai taɓa tare shi ba, kuma laifinsa laifi ne ko da wace doka ake aiki.

A ganina, hujjar tsaro ita ce mafi rauni a hannun masu wannan ra'ayi, kuma sun fi yawan ɗaga ta ne don ita ke tada hankali. Hujjarsu mai ƙarfi ita ce ta sutura da kunya. A leƙa banɗakin mata na wata jami'a ko filin jirgi a can. Ƙananan ɗakuna ne a jere, ƙofofinsu ba su kai ƙasa ba, ba su kai rufi ba. A Amurka ma akan bar tsaga a gefen ƙofa har ana hango na ciki. Wurin wanke hannu kuwa a fili yake, na kowa da kowa. A nan ne yarinyar da al'ada ta zo mata ba shiri take wanke siket ɗinta. A nan ne mai jego take gyara rigarta. A nan ne Musulma take cire mayafi, ta naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ta yi alwala kafin lokacin azahar ya fita. Matar da ta ce ba ta son yin waɗannan a gaban mai halittar namiji ba ta zargi kowa da laifi ba. Ta faɗi iyakar jikinta ne, kuma bayanan 'yan sanda ba sa ƙirga wadda ta leƙa ta juya ta fasa shiga.

Kuma mata ba a tafin hannu aka miƙa musu wannan wuri ba. Sai a 1887 Massachusetts ta zama jihar farko a Amurka da ta wajabta ware wa mata makewayi a wuraren aiki. A Landan ta ƙarni na 19, makewayin titi galibi na maza ne, mace ba ta iya yin nisa da gida fiye da yadda mararta za ta jure. Kai, 'yan majalisar wakilan Amurka mata ba su samu banɗaki kusa da zauren majalisa ba sai a 2011. Wanda ya san wannan tarihi zai gane dalilin da ya sa wasu mata suke riƙe da ƙofar nan da hannu bibbiyu.

To amma ɗaya ɓangaren ma mutane ne, mara gare su kamar kowa. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a 2015, wanda masu sauya jinsi sama da 27,000 suka amsa, ya nuna kashi 59 cikin 100 sun guje wa banɗakin jama'a a shekarar da ta gabata don tsoron abin da zai biyo baya. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun rage ci da sha don kada buƙata ta kama su a waje, kashi 8 kuma sun ce riƙe fitsari ya jawo musu ciwon mafitsara ko na ƙoda. Ƙungiyar da ke kare su ce ta gudanar da binciken ta intanet, don haka a karanta alƙaluman da wannan a zuciya. Ko da an rage su, abin da ya saura ya isa. Mai siffar mace da suturar mace, a tura ta banɗakin maza na tashar jirgin ƙasa da tsakar dare, kowa ya san irin abin da ka iya faruwa. Ba sai mutum ya yarda da sauya jinsi ba kafin ya ƙi jinin a yi wa ɗan Adam duka a makewayi.

Akwai kuma matsalar da masu kafa dokar ba su cika son a tada ba: wa zai tsaya a ƙofa, kuma da me zai tantance? Ba mai yawo da takardar haihuwa a aljihu. Da ido ake hukunci, ido kuwa yana kuskure. Matan da aka haifa mata, dogaye ko masu gajeren gashi ko kakkaurar murya, sun sha fuskantar tsawa a banɗakin da yake nasu. Bayan zaɓen Sarah McBride a Nuwamba 2024, mai sauya jinsi ta farko a majalisar dokokin Amurka, kakakin majalisa Mike Johnson ya hana masu sauya jinsi shiga banɗakin mata a ginin, ita kuma ta ce za ta bi ƙa'ida. Ba a jima ba wata 'yar majalisa ta tada ƙura cewa ta ga McBride a ciki, aka je aka tarar wata mata ce daban, sai haƙuri ta bayar. Ga kuma waɗanda aka haifa mata suka koma rayuwar maza, wasu da gemu cike da fuska. Bin takardar haihuwa banɗakin mata zai kai su. Hukumar daidaito ta Birtaniya, a bayanin wucin gadi da ta fitar kwana tara bayan hukuncin Kotun Ƙoli, ta ce a wasu yanayi ana iya hana su nan ɗin ma, tare da cewa kada a bar kowa ba shi da wurin zuwa. Ina wurin yake? Wannan ta bar wa masu gine-gine.

Japan ta bi wata hanya. Wata ma'aikaciyar ma'aikatar tattalin arziki da ciniki, mai sauya jinsi, an umarce ta da ta riƙa amfani da banɗakin mata da ke nesa da ofishinta da aƙalla hawa biyu. A Yuli 2023 Kotun Ƙoli ta ce hakan ya saɓa wa doka, domin an yi shekara da shekaru ba a samu matsala ba. Amma alƙalan sun yi taka-tsantsan, suka nuna hukuncin na wannan ofis ne, inda abokan aiki suka san juna, bai shafi banɗakin titi da baƙi ke haɗuwa ba. Wannan bambanci yana da ma'ana, kuma 'yan siyasar Yamma sun fi son tsallake shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne amsar tana cikin littafin doka tun tuni. Ƙa'idojin wuraren aiki na Birtaniya na 1992 sun wajabta raba banɗakin maza da na mata, sai dai idan kowane makewayi ɗaki ne mai zaman kansa da ake kulle shi daga ciki. Sabuwar ƙa'idar gini ta Ingila, wadda ta fara aiki a Oktoba 2024, ta nemi sababbin gine-ginen jama'a su ware na maza da na mata, su kuma ƙara ɗaki na kowa da kowa, mai wurin wanke hannu a ciki, inda fili ya samu. A jirgin sama haka ake yi, kuma ba a taɓa jin wata majalisa ta zauna a kansa ba. Wasu masu sauya jinsi suna cewa ɗaki na uku tona asiri ne, duk mai shiga an san ko wane ne. Ƙorafin na da tushe idan ɗakin ɗaya ne tak, a lungu, ko kuma aka ƙwace na naƙasassu aka liƙa masa sabon allo. Idan ɗakunan suna da yawa, uba mai riƙe da ƙaramar 'yarsa yana shiga, matar da ke kula da tsohon mijinta tana shiga, babu mai kallon kowa.

Matsayina ke nan. Inda wurin wanke hannu yake a fili kuma baƙi ke cakuɗuwa, a bar ɓangaren mata ga waɗanda aka haifa mata, kuma a hana kowa tsare mace a ƙofa don siffarta. Amma duk gwamnatin da ta rufe wa masu sauya jinsi wannan ƙofa, wajibi ne ta gina musu wata a gini ɗaya, a hawa ɗaya, mai bango har rufi da sakata mai aiki, kafin dokar ta fara aiki. Majalisar da ta zartar da hani ba ta ware kuɗin gini ba, rabin aikinta ta yi.