TARAKTA TA ƘI ƊAGA GARMA: INA CIWON YAKE?

Ruwan fari ya faɗi. A fadamun Gulbin Maradi da na Maggiya ƙasa ta yi taushi, kowane manomi yana jiran layinsa na huɗa. A daidai wannan lokaci ne tsohuwar tarakta ta kan ƙi ɗaga garma, ko bitas ya ƙi shiga. Kwana ukku na tsayuwa sun isa laka ta bushe. Ɗauko makanisiye daga birni kuwa kuɗi ne daga asusun ƴan ƙungiya. To amma ciwo da yawa direba yana iya gane shi da ido da kunne.

Misali tarakta Massey Ferguson 135, wadda anka ƙera daga 1964 zuwa 1975. A cikinta mai guda ne ke yi wa bitas aiki, shi ne kuma pampo ke turawa ya ɗaga garma. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Saboda haka mai ake fara dubawa.

A tsaida tarakta wuri mai daidai, a sauke garma ƙasa, a kashe inji. A zaro sandar awon mai. In mai ya kasa, pampo iska yake sha, garma ta riƙa tashi tana kakkarwa. In ya yi fari kamar nono, ruwa ya shige shi. Sau da yawa ta yagaggar robar sandar bitas yake shiga, in tarakta ta kwana cikin ruwan sama. Sai a zubar da man, a wanke matatar pampo, a zuba sabo. In an ga ɓarɓashin ƙarfe manne ga marfin zubar da mai, haƙoran bitas ne ke cin juna. Wannan aikin makanisiye ne.

In mai lafiya lau yake, a tada inji, a ɗaga garma sama, a kashe. In garma ta sauko da kanta nan da nan, mai yana zurarewa daga ciki, zoben fistan ko bawul ya gaji. In tana tashi da safe amma ta kasa da rana, pampo ya tsufa, don mai in ya yi zafi tsinkewa yake.

Saura ambarayaj, wato abin takawa na ƙafar hagu. In inji yana ruri tarakta ba ta ja, faifan ambarayaj ya cinye. In bitas yana gurza wajen shiga, ambarayaj bai saki ba, sai a daidaita sandarsa. A kan mafi yawan irin wannan tarakta hawa biyu gare shi: rabin taki yana tsaida ƙafafu, cikakken taki yana tsaida har pampo. Direban da ya danne shi har ƙasa ba zai ga garma ta tashi ba, alhali babu abin da ya lalace.

Hattara! Kada kowa ya shiga ƙarƙashin garma tana sama. Kada a lalubi tiyo da hannu inji yana aiki, don man da ke fita da ƙarfi yana huda fata. A kori yara daga wurin.

Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ya riƙe littafi. Ya rubuta ranar da anka canza mai, da irin ƙarar da anka ji, da lokacin da ta fara. A canza mai aƙalla sau ɗaya a shekara, tun da rani. In makanisiye ya zo, littafin ne zai nuna masa inda zai kwance, ƙungiya ba za ta sayi piyas ɗin da ba a bukata ba.