Fentin Koren Sulke a Jikin Sojojin Wasan Tebur

Sojan roba da ake wasan yaƙin tebur da shi bai wuce santimita 3 zuwa 4 a tsayi ba. Yana fitowa daga kwali a gutsuttsure, launinsa ruwan toka, mai shi ne zai harhaɗa shi da gam ya yi masa fenti da hannu. Wasan da ya fi shahara a wannan fage shi ne Warhammer 40,000, wanda kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar a 1987. A cikin rundunoninsa akwai biyu da aka sani da koren sulke: Dark Angels, masu kore mai duhu da ya kusa komawa baƙi, da Salamanders, waɗanda nasu kore ne shar.

Matsalar da mai fenti yake fama da ita ta girma ce. Haske yana sauka a kan babban abu ya yi inuwa da kansa, amma a jikin abu ɗan mitsitsi inuwar ba ta fitowa sosai. Idan aka shafe soja da kore guda ɗaya, daga nesa sai a ga dunƙule kawai, ba a rarrabe kafaɗa da ƙirji. Saboda haka dole a zana hasken da inuwar da fenti.

Ana farawa da kankare zirin da injin zuba roba ya bari, sannan a fesa fentin shimfiɗa domin na sama ya kama. Baƙi ya dace da kore mai duhu; fari ko ruwan toka yana sa kore mai haske ya fito tas. Bayan ya bushe sai launin tushe. Fentin da ake amfani da shi na akirilik ne, ana tsarma shi da ruwa, kuma shafi biyu marasa kauri sun fi shafi ɗaya mai kauri, domin mai kaurin yana cike ƙananan zane-zanen sulken, ya bar sawun burushi. Masu fentin Dark Angels sukan ɗauki Caliban Green na Citadel, wato fentin kamfanin Games Workshop kansa.

Inuwa ana samar da ita da wani fenti mai ruwa-ruwa, irin su Nuln Oil, wanda yake gangarawa cikin ramuka ya kwanta. Sabon shiga yakan yi wa sojan wanka da shi baki ɗaya, sai ya bushe ya bar dabbare-dabbare a kan faffaɗan sulke. Ƙwararru sukan bi tsagi-tsagin kawai da bakin burushi.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne haskaka gefuna, kuma a nan ne kore yake nuna halinsa. Idan aka ƙara masa fari don ya yi haske, sai ya koɗe, ya zama kamar an barbaɗa masa alli. Abin da yake raya shi rawaya ne, tunda dama shi kore haɗin shuɗi da rawaya ne. Shi ya sa ake hawa mataki-mataki: daga Caliban Green zuwa Warpstone Glow a dukkan gefuna, sannan Moot Green, mai ɗaukar rawaya sosai, a kusurwoyi da wuraren da haske zai fi bugawa, kamar saman kwalkwali da bakin kafaɗa. Kowane layi ya fi na ƙarƙashinsa siranta, ta yadda na farko zai riƙa leƙowa ta gefe. Ba da tsinin burushi ake ja ba idan gefen yana da kaifi. Gefen gashin ake kwantarwa a goga a hankali. Kore mai yawan rawaya ba ya rufe abin da ke ƙasansa da sauri, don haka wani layin sai an maimaita shi. In hannu ya goce, a koma da launin tushe a gyara.

Wanda yake da sojoji hamsin a gabansa ba lallai ya iya wannan haƙurin ba. Akwai hanyar busasshen burushi: a ɗebi fenti, a goge kusan duka a takarda, a karkaɗa a jikin sojan, ragowar ta maƙale a tudu. Akwai kuma fentin Contrast da kamfanin ya fitar a 2019, wanda shafi ɗaya a kan farar shimfiɗa yake ba da launi da inuwa tare. Duka biyun suna da sauri, sai dai a kan sulke mai santsi ba su kai layin hannu tsabta ba.

Kore yana ƙara fitowa idan ja yana kusa da shi, shi ya sa ake yawan yi wa Dark Angels jajayen idanu da jan murfin bindiga, amma kaɗan, kada jan ya danne sulken. Daga ƙarshe a fesa banish marar sheƙi, domin sojan zai sha ɗauka da ajiyewa a tebur, kuma gefunan da aka sha wahala a kansu su ne yatsu suke fara gogewa.