Aƙidar Lutariyya Game da Almasihu: Tushenta da Abin da Ta Keɓanta da Shi

Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da sauran annabawa baki ɗaya. Ɗalibin da ya karanta Al-Milal wan-Nihal na Shahrastani, ko littafin Ibnu Hazm kan addinai da ƙungiyoyi, ya san Nasara a kashi uku: Malkaniyya da Nasɗuriyya da Ya'aƙubiyya. Wannan rabo ya dace da zamanin waɗannan malamai, sai dai ya riga ɓullar ɗarikun Furotesta da ƙarnuka. Daga cikin waɗannan ɗarikun akwai Lutariyya, wadda ake dangantawa ga Martin Luta (1483–1546), rahibin Jamus da ya fito fili da saɓa wa Fafaroma a shekarar 1517. Mabiyanta maƙwabtanmu ne, domin 'yan mishan na ƙasar Denmak sun kafa ta a Numan ta Adamawa tun 1913, kuma babban bishop ɗinta, Musa Panti Filibus, ya shugabanci tarayyar cocin Lutariyya ta duniya daga 2017 zuwa 2023. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da suke ƙudurcewa game da Annabi Isa (alaihis salam) kamar yadda littattafansu suka tsara shi, sannan a nuna ainihin wurin da saɓani yake.

Gadon da Luta ya tarar

Luta bai zo da sabuwar magana ba a asalin mas'alar. Ya karɓi abin da majalisar Niƙiya ta yanke a 325, cewa Ɗa da Uba jauhari ɗaya ne, ya kuma karɓi hukuncin majalisar Kalkidon ta 451, cewa Almasihu uƙnumi ɗaya ne mai ɗabi'a biyu. Kalmar ɗabi'a a nan ba hali take nufi ba. Haƙiƙar abu take nufi, wato lahut (allantaka) da nasut ('yan'adamtaka). A ganinsu ɗabi'o'in biyu sun haɗu ba tare da sun cakuɗa ba, ba kuma za su rabu ba. Wannan shi ne ra'ayin da malamanmu suka kira Malkaniyya. Sashe na uku na Iƙirarin Ogsbag, wanda Filib Melankton ya rubuta aka gabatar wa sarkin daular a 1530, ya maimaita wannan aƙida: Kalma ta ɗauki ɗabi'ar mutum a cikin mahaifar Maryama, aka haife shi, ya sha wahala, aka gicciye shi, ya mutu, ya tashi. Malaman Katolika da suka yi wa iƙirarin raddi ba su soki wannan sashe ba, saboda babu saɓani tsakaninsu a kansa.

Dalilin riƙon ɗabi'a biyu

Ba za a fahimci maganarsu kan zatin Almasihu ba sai an fahimci maganarsu kan ceto. Suna ganin ɗan Adam ya gaji zunubi tun daga Annabi Adamu, gadon da ya lalata shi har ba ya iya kusantar Allah da aikinsa. Don haka dole mai ceto ya kasance mutum na haƙiƙa domin ya tsaya a madadin mutane ya mutu, kuma dole ya kasance Allah na haƙiƙa domin mutuwar ta kai darajar fansar duniya baki ɗaya. A kan wannan suka gina babbar ƙa'idarsu, cewa ana kuɓutar da mutum ta hanyar bangaskiya kaɗai. Shi ya sa Luta ya yarda a ce Allah ya mutu, yana nufin uƙnumin da yake Allah kuma mutum ne ya mutu ta ɓangaren nasut. A ganinsa, in mutum tsantsa ne ya mutu a kan gicciye, to babu ceto.

Abin da Lutariyya ta keɓanta da shi

Keɓantarsu ta bayyana ne a jayayya kan Jibin Ubangiji, wato ibadar gurasa da ruwan inabi. A watan Oktoba na 1529 Luta ya zauna da Zuwingili, malamin Zurik, a garin Marbag. Sun yi ittifaƙi a kan batutuwa 14 cikin 15, suka rabu a kan ko jikin Almasihu yana halarta haƙiƙatan a cikin gurasar. Hujjar Zuwingili ita ce jiki ba ya kasancewa a wurare biyu a lokaci ɗaya, kuma jikin Almasihu yana sama a hannun daman Uba. Luta ya amsa da cewa hannun dama ba wuri ba ne, ikon Allah ne da ke ko'ina, kuma duk inda lahut yake nasut yana tare da shi.

Daga wannan amsa aka faɗaɗa babin da suke kira musayar siffofi. Martin Kemnits ya tsara shi a littafinsa kan ɗabi'o'i biyu a 1570, sannan sashe na takwas na Daftarin Daidaito na 1577 ya tabbatar da shi, aka shigar da daftarin cikin kundin aƙidunsu a 1580. Sun kasa musayar gida uku. Na farko, siffar kowace ɗabi'a ana jingina ta ga uƙnumin gaba ɗaya, shi ya sa suke kiran Maryama mahaifiyar Allah. Na biyu, kowane aikin ceto ɗabi'o'in biyu ne suke yin sa tare. Na uku, wanda shi ne abin jayayya, nasut ya samu rabo daga ɗaukakar lahut, wato iko a kan kome da sanin kome da halarta a inda ya so. Suna buga misali da ƙarfen da aka saka a wuta: yana haske yana ƙuna, amma bai daina zama ƙarfe ba. Wannan ba da siffa kuwa ta fuska ɗaya ce, domin sun hana a ce lahut ya ɗauki rauni ko canji daga nasut. Mabiya Kalbin, waɗanda su ma Furotesta ne, sun ƙi wannan kashi na uku, suna cewa mai iyaka ba ya ɗaukar marar iyaka.

Sai tambaya ta taso: in nasut yana da sanin kome tun daga ciki, yaya Linjilarsu ta ruwaito yunwarsa da barcinsa da cewa bai san ranar ƙarshe ba? Suka amsa da cewa Almasihu yana da hali biyu, halin ƙasƙanci daga ɗaukar cikinsa zuwa binne shi, da halin ɗaukaka bayan haka. Ko a nan sun saɓa. A farkon ƙarni na 17 malaman jami'ar Tubingen suka ce ya yi amfani da ikon a ɓoye, na Gisen suka ce ya kame ne daga amfani da shi, har malaman Saksoni suka fitar da hukunci a 1624 wanda ya fi karkata ga na Gisen.

Matsayin Musulunci da wurin saɓani

Aya ta 75 a Suratul Ma'ida ta kafa hujja da cewa Almasihu da mahaifiyarsa suna cin abinci. Ɗalibin da ya kawo wannan hujja zai ji amsa a shirye, cewa nasut ne ya ci. Ya kamata ya san cewa tattaunawar ba ta ƙare a nan ba. Tambayar da ke biye ita ce: ko yana yiwuwa zati ɗaya ya kasance mawadaci kuma mabuƙaci, masani kuma marar sani, a lokaci guda? Ga Lutariyya akwai ƙarin tambaya, domin siffofin zatin Allah ba abin rabawa ba ne a wurin Musulmi, kuma jingina ilimi mai kewaye da kome ga abin halitta ya saɓa wa tauhidin sunaye da siffofi. Misalin ƙarfe da wuta ma bai tsira ba, saboda dukansu jikkuna ne masu tasiri a juna, kuma wutar da ke jikin ƙarfe tana mutuwa in an tsoma shi a ruwa. Ibnu Taimiyya ya yi doguwar magana kan irin waɗannan misalai a Al-Jawabus Sahih.

Amma saɓani mafi zurfi yana can ƙarƙashin ginin. Suratul Baƙara, aya ta 37, ta tabbatar da cewa Allah ya karɓi tuban Annabi Adamu. Suratul An'am, aya ta 164, ta kore ɗaukar wa wani nauyin zunubinsa. Suratun Nisa'i, aya ta 157, ta kore kisa da gicciyewa. In babu zunubin gado, babu buƙatar fansa. In babu fansa, dalilin da ya tilasta musu haɗa lahut da nasut ya faɗi.

Kammalawa

Adalci ga abokin saɓani wajibi ne, kamar yadda aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta umarta. Bai halatta a ce mabiya Luta suna faɗin alloli uku ba, ko suna musun cewa Isa mutum ne, domin littattafansu sun kore duka biyun, ko da muna ganin maganarsu ba ta kuɓuta daga abin da Alƙur'ani ya zarga ba. Luta da kansa ya goyi bayan buga fassarar Alƙur'ani ta Latin a Bazil a 1543, ya rubuta mata gabatarwa, da nufin mutanensa su san abin da za su yi wa raddi. Mu ne muka fi cancanta da karanta maganar mutane daga tushenta, tunda an umarce mu a Suratul Ankabut, aya ta 46, da yin jayayya da Ma'abota Littafi ta hanya mafi kyau. Allah ne mafi sani.