Idan Jirgin Sama Ya Faɗa Teku, Ta Yaya Ake Gano Abin Da Ya Jawo Hatsarin?

  

Ƴan uwa Musulmi, kowace shekara dubban alhazanmu daga Yamai da Akara da Garwa da Injamena sukan tsallake Bahar Maliya a jirgin sama zuwa Jidda ko Madina. Haka ɗalibanmu da ƴan kasuwarmu suke ratsa tekuna zuwa wasu ƙasashe. Shi ya sa duk lokacin da aka ce jirgin fasinja ya faɗa teku, hankalin kowa yakan tashi. Kafin a tsamo ko gawa ɗaya, wayoyi sun cika da bayani: wannan ya ce bam ne, wancan ya ce matuƙin ne ya yi da gangan, wani kuma ya ce ajali ne kawai, bincike ɓata lokaci ne. Yana da kyau mu san yadda masana suke gudanar da wannan bincike, domin mu iya tantance labarin gaskiya da jita-jita.

Wa ke da alhakin binciken?

Harkar sufurin jiragen sama tana tafiya ne a kan yarjejeniyar da ƙasashe suka sa wa hannu a birnin Shikago na Amurka a shekarar 1944, wadda ta haifar da hukumar ICAO mai hedikwata a Kanada. Rataye na 13 na wannan yarjejeniya shi ne ya tsara binciken hatsari. Ƙasar da jirgi ya faɗi a cikin iyakarta ita ke jagorantar bincike. Idan kuwa ya faɗi a tsakiyar teku inda ba mallakin kowa ba, alhakin yana komawa kan ƙasar da aka yi wa jirgin rajista. Ƙasar da ta ƙera jirgin da ƙasar kamfanin da ke aiki da shi suna da haƙƙin turo wakilai. Ana so a fitar da rahoton farko cikin kwana 30, rahoton ƙarshe kuma cikin shekara guda idan hali ya yi.

Manufar wannan bincike, kamar yadda dokar ta fayyace, ita ce hana irin hatsarin sake faruwa. Ɗora laifi da biyan diyya aikin kotu ne, kuma a ware yake. An raba su ne domin injiniyoyi da matuƙa su faɗi gaskiyar abin da suka sani ba tare da fargabar maganarsu za ta zama igiyar ɗaure su ba.

Neman tarkace a ƙarƙashin ruwa

A tudu, wurin da jirgi ya faɗi a bayyane yake. A teku kuwa ruwa yakan haɗiye komai, igiyar ruwa da iska su kwashe abin da ke yawo a sama su yi nisa da shi. Masu bincike sukan fara da wuri na ƙarshe da na'urar rada ko tauraron ɗan Adam ya ga jirgin. Sai su lissafa ƙarfin iska da gudun ruwa na waɗannan kwanaki, su bi sawun tarkacen da baya-baya har zuwa inda ake zaton jirgin ya taɓa ruwa.

Babban abin nema shi ne na'urori biyu da jama'a ke kira baƙin akwati, duk da cewa launinsu ruwan lemo ne mai haske domin a gan su da sauƙi. Ɗaya tana naɗar bayanan tafiya: gudu, tsawo, aikin injuna da duk abin da matuƙi ya taɓa. Ɗayar tana naɗar magana da kowane sauti na ɗakin matuƙa. Galibi a wajen wutsiyar jirgi ake girke su, an kuma ƙera su yadda za su jure wuta mai zafin digiri 1,100 da zurfin ruwa na mita 6,000. A jikin kowacce akwai ƴar na'ura da ke fara aika sauti da zarar ta jiƙe, sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Kunnen mutum ba ya jin sautin, sai da na'urar saurare da jirgin ruwa ke ja a ƙarƙashin teku, kuma ba ya wuce ƴan kilomitoci. A da batirinta kwana 30 yake yi. Idan ya mutu, sai a koma ga ƙananan jiragen ƙarƙashin ruwa marasa matuƙi, masu zana taswirar ƙasan teku da amon sauti. Idan an tsamo akwatin, a cikin ruwa ake ɗauko shi har ɗakin gwaji, don kada gishiri ya bushe a ciki ya lalata bayanan.

Tarkacen ma yana ba da shaida. Idan ya bazu a wuri mai faɗi sosai, alama ce jirgin ya wargaje tun yana sama. Idan a tattare yake, da jikinsa cikakke ya bugi ruwa. Bam yakan bar ƙarfe a buɗe ta waje da ɓurɓushin sinadari, gobara kuma takan bar baƙin hayaƙi. Likitoci su ma suna duba gawarwaki, su gane mai su ta haƙora da ƙwayar halittar gado.

Jirgin Faransa da ya ɓace shekara biyu

A daren 1 ga Yuni 2009, jirgin Air France mai lamba 447, ƙirar Airbus A330, ya ɓace a tekun Atlantika a kan hanyarsa daga Birazil zuwa Faris da mutum 228. Ya kusa shiga sararin da masu kula da zirga-zirgar jirage na Dakar ke lura da shi, amma ba su taɓa jin muryarsa ba. A makonnin farko an tsinci gawa 50 da wani ɓangare na wutsiya, batirin akwatunan kuma ya mutu ba a ji su ba. Sai a watan Afrilu 2011, a zagaye na huɗu na nema, aka gano gangar jirgin a zurfin kusan mita 3,900. A farkon Mayu aka tsamo akwatunan biyu, bayanansu na nan lafiya.

Rahoton da hukumar bincike ta Faransa, BEA, ta fitar a Yuli 2012 ya nuna yadda abin ya faru. Jirgin ya shiga hadari, ƙanƙara ta toshe ƙananan bututun da ke auna gudunsa. Da kwamfuta ta rasa sahihin gudu, sai na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta ta saki. Babban matuƙi yana hutu, mataimakin da ke riƙe da tuƙi kuma ya yi ta ɗaga hancin jirgin sama. Iskar da ke bi ta kan fikafikai ita ke riƙe jirgi a sama, kuma idan hanci ya ɗagu fiye da kima wannan iska takan suɓuce, jirgi ya riƙa zubowa ko da injuna suna aiki. Maganin hakan shi ne a sunkuyar da hanci. Ƙararrawar gargaɗi ta yi ta kaɗawa, matuƙan ba su gane halin da suke ciki ba, cikin kusan minti uku da rabi jirgin ya iso ruwa. Bututun sun daina aiki ne na ɗan lokaci kaɗan, kuma injunan lafiyarsu ƙalau har ƙarshe.

Saboda wannan hatsari an sauya irin waɗancan bututu, an ƙara wa matuƙa horo a kan tuƙi da hannu a can sama, an kuma tsawaita batirin sautin akwati zuwa kwana 90.

Abijan da Kwatano

Mu ma a yankinmu mun ga irin wannan musiba. A daren 30 ga Janairu 2000, jirgin Kenya Airways mai lamba 431 ya tashi daga Abijan zai je Legas da mutum 179, da yawansu ƴan Najeriya. Bai cika minti ɗaya a sama ba ya faɗa teku, mutum 10 kacal suka tsira. Binciken ya gano cewa ƙararrawar suɓucewar iska ta kaɗa alhali jirgin yana tafiya daidai. Matuƙin ya sunkuyar da hanci domin ya tsayar da ita. Dare ne, ga duhun teku, babu fitila ko wata alama a gabansu da za ta nuna musu suna gangarowa. A jirgin Faransa gargaɗin na gaskiya ne ba a bi shi ba, a Abijan kuwa na ƙarya ne aka bi shi kusa da ruwa. Duka biyun sun nuna cewa bincike ba ya tsayawa a kan na'ura kaɗai, sai an duba horon matuƙi da abin da idonsa ke gani da kunnensa ke ji a wannan lokaci.

A ranar 25 ga Disamba 2003 kuma, wani Boeing 727 da zai tafi Bairut ya kasa ɗagawa yadda ya kamata a filin jirgin Kwatano, ya bugi wani gini a ƙarshen titin tashi, ya tarwatse a bakin teku da cikin ruwa. Kusan mutum 140 suka rasu. Dalilin shi ne lodi fiye da kima, da kayan da aka jibga ba tare da matuƙa sun san ainihin nauyinsu da yadda aka rarraba su ba. Alhajin da ke jayayya da ma'aikata a kan awon kaya, ko mai ba da na goro don a wuce masa da kilo goma, ya kamata ya tuna da Kwatano. Wannan awo amanar rayukan duk waɗanda ke cikin jirgin ce.

Inda masu bincike suka saɓa

Ba kullum ake haɗuwa a kan magana ɗaya ba. A ranar 31 ga Oktoba 1999 jirgin EgyptAir mai lamba 990 ya faɗa Atlantika jim kaɗan bayan tashi daga Niyok zuwa Alƙahira, mutum 217 suka rasu. Masar ta miƙa binciken ga hukumar NTSB ta Amurka. A faifan sauti an ji mataimakin matuƙi yana maimaita "Tawakkaltu alallah". Tun kafin a kammala aiki wasu kafafen labarai suka ɗauki wannan kalma a matsayin hujjar kashe kai, har aka jingina masa wata maganar da daga baya aka tabbatar ba ta cikin faifan. Duk Musulmi ya san kalma ce da muke faɗa a fita gida da shiga mota da lokacin tsoro, don haka ita kaɗai ba ta tabbatar da niyyar kowa.

A rahotonta na 2002, NTSB ta dogara ne da bayanan tafiya: an kashe na'urar tuƙi, an sunkuyar da jirgin, an kashe injuna. Ta ce abin da mataimakin ya yi da hannunsa ne ya jawo hatsarin, ta kuma ce ba ta gano dalilinsa ba. Hukumomin Masar sun ƙi yarda, suka ce na'urar wutsiya mai ɗagawa da sunkuyar da jirgi ce ta lalace. Rahotannin biyu suna nan har yau. Idan ƙwararrun da suka saurari faifan da kunnensu sun saɓa, mai tura saƙo a WhatsApp ya fi cancanta ya kame bakinsa. Allah Ya umurce mu a Suratul Hujurat da mu tantance labari kafin mu yi aiki da shi, kuma mamaci ma yana da mutunci da iyali.

Bincike da imani da ƙaddara

Masu cewa bincike jayayya ce da hukuncin Allah sun yi kuskuren fahimta. Mun yi imani babu ran da zai wuce ajalinsa, kuma mun yi imani Allah Ya sanya wa abubuwa sababi, Ya umurce mu da riƙo da su. Imam Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Gyaran bututu da awon kaya da horon matuƙi duk ɗaure raƙumi ne. Wanda sakacinsa ya halaka mutane ba zai fake da ƙaddara ba, domin shari'a ta ɗora diyya ko a kisan kuskure.

Sannan binciken yana da amfani ga iyalan mamata ta fuskar hukunci. Mace ba ta takaba, ba a kuma raba gado, sai mutuwa ta tabbata. A mazhabar Malikiyya, matar wanda ya ɓata a ƙasar Musulmi takan kai ƙara wurin alƙali, a bincika, a ɗiba mata shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Gano tarkace da tantance gawa da jerin sunayen waɗanda suka shiga jirgi hujjoji ne da alƙali zai iya dogara da su ya yanke hukuncin mutuwa, ya sauƙaƙa wa iyali wannan dogon jira. Jirgin Malesiya mai lamba 370 da ya ɓace ranar 8 ga Maris 2014 da mutum 239 ya nuna nauyin wannan al'amari. An laluba murabba'in kilomita 120,000 na ƙasan tekun Indiya ba a ga gangarsa ba. A Janairu 2015 gwamnatin Malesiya ta ayyana cewa hatsari ne kuma ana ɗaukar duka mutanen sun rasu, domin iyalai su iya neman haƙƙinsu. A Yuli na wannan shekara aka tsinci wani ɓangaren fiffikensa a tsibirin Riyuniyon. Duk wanda irin wannan jarrabawa ta same shi, sai ya kai maganarsa ga alƙali da malaman garinsu.

Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya rasu ta hanyar nutsewa a ruwa yana cikin shahidai. Muna roƙon Allah Ya jiƙan Musulmin da suka rasu a waɗannan hatsarurruka, Ya ba dukkan iyalai haƙuri, Ya kai alhazanmu da matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya. Allah ne Mafi sani.