Shinge Ba Tare Da Haƙa Rami Ba: Yadda Ake Kafa Turakun Ƙarfe Da Taimakon Wayarka

A unguwanni irin su Gawon Nama a Sakkwato, fulotin da aka bari babu shinge yakan koma juji, ko maƙwabci ya ci iyaka. Idan kuɗin bulo da siminti ba su samu ba tukuna, akwai hanya mai sauƙi: a buga turakun ƙarfe cikin ƙasa kai tsaye, a ɗaura musu waya.

Abin bugun bututun ƙarfe ne mai nauyi, an toshe kansa, an yi masa hannu biyu. Mai walda zai haɗa maka shi. Ana zura shi a kan turken, a ɗaga a saki, nauyinsa ya tura turken ƙasa. Da yake ba a tone ƙasar ba, tana riƙe turken gam, kuma gara ba ta cin ƙarfe.

Ga lissafin: fuloti mai ƙafa 50 da 100 kewayensa kusan mita 91 ne. Turke ɗaya a kowace mita 3, wajen turaku 30 ke nan. Kowanne ya shiga ƙasa kamar santimita 60.

Wayarka ma tana da aiki. Manhajar Measure ta iPhone tana da ma'aunin daidaito, akwai irinta a Play Store. Jingina wayar a jikin turken ka ga ko ya karkace. Iyaka kuwa, bi alamar safiyo, kada ka dogara da Google Maps.

Damina ta fi dacewa da aikin, ƙasa ta yi laushi. Inda ka ci karo da marmara, da kuma turakun kusurwa, sai an haƙa an zuba kankare. Kafin bugun farko, tambayi inda bututun ruwa ya bi.